Baiwar Allah ta yi sheƙa a rumfarmu, yaya zan kare ta?

Maman_Hibba:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen masu sani. A gidanmu nan Zariya muna da rumfar kara a tsakar gida, jikin bishiyar lemun tsami. Ƙaramar tsuntsuwar nan da ake kira baiwar Allah ta yi sheƙa a can kusurwar rufin, tsakanin kara da zana. Namijin ja wur, macen kuma ruwan ƙasa-ƙasa, suna ta shige da fice da ciyawa da gashin kaza. Da na leƙa na ga ƙwai huɗu farare ƙanana. To matsalata uku ce. Magen maƙwabtanmu kullum da asuba tana bisa katanga tana kallon wurin. Yaran gida da na unguwa sun gano. Shi kuma maigida ya ce zai rushe rumfar ya sa ta kwano kafin ruwa ya sauka. Shin in ɗauke sheƙar in mayar cikin kwali in rataye a wani wuri, ko yaya zan yi?

DanBirni_Kano:
Wa alaikumussalam. Hajiya kada ki taɓa. Tsuntsu in ya ji warin hannun mutum a ƙwansa ko a jikin 'ya'yansa, shi ke nan ya tafi ba zai dawo ba. Haka muka taso muka ji.

Malam_Tsuntsaye:
DanBirni, shawararka daidai ce amma dalilin ba haka yake ba. Ƙananan tsuntsaye ba sa guje wa 'ya'yansu don an taɓa su. Masu bincike suna ɗaukar 'ya'yan tsuntsu daga sheƙa, su auna su, su sa musu zobe a ƙafa, su mayar, iyayen kuma su ci gaba da ciyar da su. Abin da ke sa su gudu shi ne yawan damu, musamman lokacin da suke kwanci a kan ƙwai, da kuma canja wa sheƙar wuri. Tsuntsu wurin ya sani. In kika matsar da ita daga kusurwar nan zuwa wani ɓangaren gidan, za su dawo inda suka sani, su tarar babu, su yi ta shawagi, ƙwan kuma ya huce ya lalace. Saboda haka Maman Hibba batun kwali ki bar shi. Baiwar Allah kwana 11 zuwa 12 take kwanci, mace da namiji suna karɓa-karɓa, 'ya'yan kuma su yi kamar kwana 18 kafin su tashi. Duka-duka wata guda ke nan. Ki roƙi maigida ya ba su wata ɗaya.

Maman_Hibba:
Na gode Malam. Wata ɗaya ba yawa, amma ya riga ya yi magana da kafinta, kuma yana tsoron iskar farkon damina ta yaye rumfar ta faɗo kan yara.

Ummu_Sadiq:
Ki karanta masa hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud da ke cikin Abu Dawud. Sahabbai suna tafiya tare da Manzon Allah (SAW), suka ga wata 'yar tsuntsuwa da 'ya'yanta biyu, suka ɗauke 'ya'yan. Uwar ta zo tana ta kaɗa fukafukai a kansu. Da Annabi ya dawo ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali a kan 'ya'yanta, ya ce a mayar mata da su. In mutum ya ji wannan da wuya ya sa guduma a rumfar nan. Tsoronsa na iska kuma gaskiya ne, sai a ƙara dogari biyu a ɗaure da igiya, zai riƙe har su tashi.

Alhaji_Fagge:
Malama Ummu Sadiq Allah ya saka da alheri. Masu tarihi ma suna kawo labarin Amru ɗan As lokacin da aka ci Masar. Da zai tashi da runduna zuwa Iskandariyya sai aka tarar kurciya ta yi ƙwai a saman tantinsa, ya ce a bar tantin a tsaye kada a kwance. A nan wurin aka kafa garin Fusɗaɗ a shekarar 641, wanda yau yake cikin tsohuwar Alƙahira. Kwamandan yaƙi ya bar tantinsa, balle rumfar kara.

Sani_Manomi:
Ni fa ku yi haƙuri, ina mamakin mutanen birni. Mu nan gefen Haɗeja tsuntsu ba abin lallashi ba ne. Jan baki in ya sauka a gonar shinkafa ko gero, kafin ka je gida ka dawo ya bar maka kara. Yara tun asuba suna gona da gwangwani da igiya suna ihu har magariba, makaranta ma ba sa zuwa. Har jirgi gwamnati take turowa ya yi feshi. Ku kuma kuna nan kuna neman yadda za ku ƙara musu yawa.

Malam_Tsuntsaye:
Malam Sani, abin da ka faɗa babu ƙarya, jan baki bala'i ne ga manomi daga Yobe har Kebbi. Amma ba shi ne a rumfar Hajiya ba. Jan baki ba ya sheƙa a cikin gida, a dajin ƙaya yake yi, dubbai a wuri ɗaya, yana bin ruwan sama daga wannan yanki zuwa wancan. Baiwar Allah kuwa a ƙasa take kiwo, 'ya'yan ciyawa da tsakin da ya zube wajen sussuka da surfe take tsinta, da 'yan ƙwari irin su gara. Ba ta taɓa cinye gonar kowa ba. Kuma feshin jirgin nan ba ya tantancewa, duk tsuntsun da ke wurin yana samu, har da shaho da sauran masu cin gawar waɗanda suka mutu.

Sani_Manomi:
To na ji. Wannan ƙaramar ja ɗin mu ma ba ma kashe ta. Kakata ko tsakuwa ta ga ka ɗauka don ita sai ka sha carbi a baya. Amma marai fa? Ya cika mana bishiyar ƙofar gida da sheƙa, ya tsige ganye, ga kashi ga surutu, ga shi yana shiga gero.

Hauwa_Jos:
Marai wani babi ne daban Malam Sani, a bar shi zuwa wani lokaci. Mu koma kan mage, don ita ce babbar barazana ga ƙwan nan, ba kafinta ba. A Amurka an yi wani bincike da aka wallafa a 2013, aka ƙiyasta cewa maguna suna kashe tsuntsaye tsakanin biliyan 1.3 zuwa biliyan 4 a duk shekara a ƙasar kaɗai, kuma mafi yawa magunan da ba su da masu su ne. Mage ko ta ƙoshi sai ta yi farauta, halinta ne. Anti Maman Hibba ki duba ta ina za ta iya kaiwa ga sheƙar. In ta kan dogarin rumfar ne, ki sa a naɗe shi da guntun kwano mai santsi, kamar tsawon kamu huɗu, farcenta ba zai kama ba. In ta kan katanga za ta diro rufin, sai a jera ƙayar magarya ko farar ƙaya a daidai wurin da take takawa. Reshen lemun da ya kwanto kan rumfar shi ma hanya ce, amma kada a sare shi yanzu, ƙarar sara a kan sheƙar za ta kore su. A ɗaura masa ƙaya shi ma.

Bintu_MaiKyanwa:
Kullum dai mage ce mai laifi. Ku tambayi mai gidan da babu mage yadda ɓera yake masa da buhun masara. Kuma ɓeran nan shi ma yana hawa rufi ya sha ƙwan tsuntsu. In kun kori mage kun buɗe wa ɓera ƙofa. In kuma wani zai ce a kulle ta, ya tuna da matar da ta shiga wuta saboda kyanwa.

Ummu_Sadiq:
'Yar uwa Bintu, hadisin yana Bukhari da Muslim, amma matar ɗaure ta ta yi, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba, har ta mutu. Wanda ya sa magensa a ɗaki daga dare zuwa hantsi, da abincinta da ruwanta, bai shiga wannan ba. Babu wanda ya ce a cutar da ita.

Hauwa_Jos:
Ni ma ban ce a kore ta ba. Asuba da magariba ne lokacin haɗari, sai kuma ranakun da 'ya'yan suka fara fita. In maƙwabciyar za ta yarda ta tsare ta a waɗannan lokutan, ta kuma ɗaura mata 'yar ƙararrawa a wuya, an rage ɓarna sosai. Ƙararrawar tana taimaka wa manyan tsuntsaye su ji tahowarta, amma ba ta ceton ɗan da ke kwance cikin sheƙa, shi ya sa na ce a tare hanyar tukuna.

Bintu_MaiKyanwa:
In haka ne babu damuwa. Tawa ma a ɗaki take kwana. Amma ina roƙo, don Allah kada wani ya karanta wannan ya je ya zuba shinkafar ɓera a tsakar gida da sunan maganin ɓera ko mage. A layinmu an taɓa yi, washegari kurciyoyi da kajin mutane aka tsinta a mace, ɓerayen kuma suna nan.

Injiniya_Bichi:
Wannan magana ta Bintu a ja mata layi. Haka ma fiya-fiya da ake fesawa a rumfa da dare saboda sauro. A ɗauke shi daga wajen har su tashi.

Kaka_Ta_Gari:
'Ya'yana ku bar ni in ce wani abu kan yaran, don na ga kowa ya tafi kan mage. Yaro in ka ce masa kada ka je wurin can, ka aike shi ne. Jikokina da kurciya ta yi sheƙa a darbejiyar gidanmu, babban cikinsu mai danƙo a aljihu shi na kira na ce na naɗa ka sarkin tsuntsayen gidan nan, duk abin da ya same su kai zan tambaya. Na ce kullum bayan la'asar ya tsaya daga bakin rijiya ya duba ya zo ya ba ni labari. Wallahi shi ya koma korar yaran unguwa. Ranar da ya ga uwar ta buɗe baki ɗan ya zura nasa ciki yana sha, da gudu ya zo yana haki, wai Kaka kurciya tana ba ɗanta nono ta baki. Danƙon nan ban san inda ya jefar da shi ba.

Malam_Tsuntsaye:
Hajiya Kaka, jikanki ya gani daidai. Kurciya da tattabara suna yin wani farin abu mai kauri a maƙoshinsu, uwa da uba duka, shi suke ba 'ya'yan a kwanakin farko kafin su fara ba su hatsi. Shi ya sa ɗan kurciyar da aka ɗauke yana jariri da wuya ya rayu a hannun mutum.

Maman_Hibba:
Kaka Allah ya ƙara girma, wannan dabarar zan gwada ta a kan babban ɗana, don shi ne jagoran masu leƙe. Anti Hauwa na duba, ta katanga take dirowa. Na aika a samo min ƙaya wajen masu itace. Amma wani abu ya ƙara ɗaure min kai. Yau da na leƙa ƙwai biyar na gani, ɗaya ya ɗan fi sauran girma.

Hauwa_Jos:
Anti ki rage leƙen nan don Allah. Kowane leƙe yana tayar da mai kwanci, kuma hankaka yana lura da inda mutum yake yawan zuwa.

Malam_Tsuntsaye:
Hauwa ta yi gaskiya. Amma wannan ƙwai na biyar ya faranta min rai. Zai yiwu nata ne ta ƙara, zai kuma yiwu baƙo ne. Ki lura ko akwai wani ɗan tsuntsu baƙi ƙirin mai sheƙi, girmansa kamar nata, baki fari-fari, ƙafafu ja, yana zama a kan waya ko ƙololuwar bishiya yana ta kuka da rana tsaka. Macensa ba ta yin sheƙa sam. Sai ta faki ido ta shiga ta baiwar Allah ta ajiye ƙwanta ta fita. Ba ta fasa na masu gida ba, ƙari kawai take yi. Abin al'ajabin yana cikin bakin ɗan. 'Ya'yan baiwar Allah suna da wasu ɗige-ɗige da launi a cikin baki da gefensa, da su iyaye suke gane nasu in sun buɗe baki cikin duhun sheƙa. Ɗan baƙon nan da irin wannan zanen sak yake ƙyanƙyashewa, sai a ciyar da shi tare da 'yan gida. Yana girma yana jin kukan uban riƙonsa, in namiji ne sai ya haddace, ya riƙa sa shi cikin waƙarsa. Macen da ita ma baiwar Allah ta raina, wannan kukan take bi ta zaɓi miji, kuma sheƙar baiwar Allah za ta nema in za ta yi ƙwai. Ta wannan hanyar ma aka gano wani sabon nau'i a ƙasar nan. An ji irin wannan baƙin tsuntsun a duwatsun Jos yana kwaikwayon wani kuka da ba a san mai shi ba, aka bi diddigi har aka samo wata 'yar uwar baiwar Allah mai zama cikin duwatsu, wani masani Robert Payne ya bayyana ta ga duniya a 1998. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Laminga kusa da Jos, a dajin Amurum, nan ake zuwa ganinta.

DanBirni_Kano:
Ikon Allah. To Malam ba sai a cire ƙwan baƙon ba, tunda cin amana ne?

Malam_Tsuntsaye:
A'a, a bar shi. Shi ma halitta ce, haka aka tsara masa, kuma sau da yawa duka suke tashi tare. Garin cire ɗaya sai a fasa biyu.

Abban_Walid:
Ni tambayata daban ce, kuma ba wanda ya taɓo ta. Maciji fa? Sheƙa a cikin gida tana jawo maciji, ƙwai yake bi. Gida da ƙananan yara, rumfar da ake zama a ƙarƙashinta. Ni da ni ne maigidan nan ba zan jira wata ɗaya ba.

Injiniya_Bichi:
Abban Walid tsoronka ba na banza ba ne. Sai dai abin da ya fi kawo maciji gida shi ne ɓera da kwaɗo da wurin ɓuya: tarin itace, tsofaffin bulo, ciyawa a bayan ɗaki, ramin da ba a toshe ba. Gidan da akwai akurkin kaji ma ya fi wannan 'yar sheƙar jan hankalinsa nesa ba kusa ba. A share gindin rumfar, a ɗauke tarkace, a toshe ramuka. Kwanon da Hauwa ta ce a naɗa a dogari yana rage wa mai hawa sauƙi, ko ɓera ne ko ƙadangare.

Abban_Walid:
Na ji, amma ban gamsu duka ba. Kowa ya san gidansa.

Issoufou_Maradi:
Salamu alaikum daga Maraɗi. Ni abin da na gani cikin zancen nan, tsuntsuwar ta shiga rumfa ne don nan ta samu. Gidajen yanzu siminti ne har bakin ƙofa, ba zana, ba jinka, ba darni. Nan wajenmu tun shekarun 1980 da manoma suka kama sassaben zamani, suna barin tohon gawo da kalgo da sabara cikin gona maimakon su tumɓuke, itatuwa sun dawo, kuma duk wanda ya girma a ƙauye zai gaya maka kukan tsuntsaye da safe ya ƙaru. In an sa rumfar kwano, Hajiya ki bar musu wani abu a madadinta. Lemun nan kada a yi masa aski sosai, ƙayarsa kariya ce. Ki dasa lalle a jikin katanga ya yi duhu. Tsohuwar ƙwarya ko 'yar tukunya, a huda, a rataye a inuwa ƙarƙashin rufi inda mussa ba ta kaiwa, wani lokaci suna shiga.

Ummu_Sadiq:
Ga kuma ruwa, da zafin nan na bazara. Kasko marar zurfi, a sa tsakuwa a ciki don ƙananan su samu wurin tsayawa.

Hauwa_Jos:
Amma a riƙa zubarwa ana sakewa kullum ko bayan kwana biyu, in ba haka ba sauro zai yi ƙwai a ciki, cikin mako guda da 'yan kwanaki ya zama abin cizo. Kuma kada a ajiye kaskon ko tsaki a gindin sheƙar. Taron tsuntsaye a wurin shi zai nuna wa mage da shirwa hanya. A kai can tsakiyar fili inda suke ganin ko'ina, ba kusa da inda mage za ta laɓe ba.

MaiKanari_Gusau:
Ni mai kiwon kanari ne, kuma ina ganin keji ya fi duk wannan wahalar. In sun ƙyanƙyashe sun yi gashi a kwashe a sa a keji, ba mage ba maciji.

Kaka_Ta_Gari:
Haba ɗana. Ka tsare su daga mage ka raba su da uwarsu? Ba ka ji hadisin da aka kawo a sama ba?

MaiKanari_Gusau:
Na ji Hajiya, Allah ya huci zuciyarki. Mu dai manya muke kamawa da kejin tarko, ba ma taɓa sheƙa.

Malam_Tsuntsaye:
Babban da ka kama a lokacin kiwo, wataƙila akwai baki huɗu da ke jiransa a wata bishiya. Shi ma ɗaukar sheƙa ne, ba ka dai gani ba. Maman Hibba, abu ɗaya da ya rage ki sani tun yanzu. Ranar da za su fita, za ki iya ganin ɗa a ƙasa ko a ƙaramin reshe, da gashinsa amma gajeren bindi, yana tsalle ba ya iya tashi sosai. Ba faɗowa ya yi ba, haka suke fita, iyayen suna kusa suna kawo masa abinci. Kada yara su ɗauka su ce sun tsinci maraya. In yana fili, a ɗora shi cikin lemun a ja da baya. Wanda ya faɗo tsirara ba gashi, shi ne ake mayarwa cikin sheƙa. Kuma kada a ɗura masa ruwa ko koko a baki, yana bin hanyar numfashi ya kashe shi. Waɗannan kwana biyu zuwa uku su ne ya kamata magen ta kasance a ɗaki.

Maman_Hibba:
Alhamdulillah, maigida ya yarda a fara da ɗaya gefen, kafinta zai kafa ginshiƙai a can nesa, kusurwar sheƙar kuma a bar ta sai ƙarshe. An jera ƙaya a katanga. Maƙwabciyata ta ce dare za ta iya tsare magen, amma da rana ba ta yi alkawari ba. Abban Walid na sa an kwashe itacen da ke gindin rumfar.

Injiniya_Bichi:
Ki ce wa kafintan ya yanke katako da kwanon a waje ya shigo da su a shirye. Bugun ƙusa a kan kwano kusa da mai kwanci zai iya tayar da ita ta daɗe ba ta dawo ba, gara ya bari sai an ƙyanƙyashe, lokacin sun fi jurewa.

Sani_Manomi:
To tunda an gama da ta Hajiya, a dawo kan marai ɗina. Bishiyar a ƙofar gida take, mutane suna zama a ƙarƙashi. In na sare rassan yanzu kafin su dawo da damina, na yi laifi ko ban yi ba?

Malam_Tsuntsaye:
Yanzu ne lokacinsa Malam Sani, tun sheƙun suna bushe babu kowa a ciki. Ka sa yaro ya hau ya duba tukuna, don wasu ƙananan tsuntsaye suna shiga tsohuwar sheƙar marai su yi ƙwai. Wace irin bishiya ce, kuma gonar geron tana da nisa da gidan?